Sikeli kafin alƙalami

A ƙaramin asibitin da nake aikin jinya a wajen Garwa ta ƙasar Kamaru, da zarar damina ta kankama layin iyaye mata yakan kai bakin ƙofa tun kafin hantsi, kuma kusan maganarsu ɗaya ce: "Malam, jikinsa ya yi zafi, a rubuta mana magani." Ni kuwa ba na taɓa alƙalami sai an ɗora yaron a kan sikeli an kuma gwada jininsa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da zazzaɓin cizon sauro ta gwaji kafin a ba da magani, domin ciwon huhu da sanƙarau su ma da zafin jiki suke farawa.

Sikelin ne abin da muka fi rainawa. Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, da nauyi ake ƙayyade shi: yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya, mai kilo 15 zuwa ƙasa da 25 ƙwaya biyu, safe da yamma har kwana 3. Farasitamol kuwa miligiram 15 ne ga kowane kilo. Na taɓa kimanta nauyin wata yarinya da shekarun da kakarta ta faɗa, na rubuta mata ƙwaya biyu, sai abokiyar aikina ta auna ta, ashe tamowa ta cinye ta, kilo 12 kacal gare ta. Mun gyara takardar kafin su fita, amma kunyar ba ta sake ni ba.

Akwai kuma tambayar da ake mantawa: ko yaron ya sha maganin rigakafin damina. Tun 2016 ana bin gidaje a yankin Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ke ɗauke da wani sinadari mai suna amodiyakin. Yaron da ya sha shi ba a sake rubuta masa maganin da ke da wannan sinadari.

Takardar da Faransanci muke rubuta ta, kuma sau da yawa uwar ba ta karanta shi. Saboda haka nakan zana rana da wata a jikin kwalin, in ce mata: "Hajiya, a ba shi da nono ko abinci mai maiƙo, idan ya yi amai cikin rabin sa'a a sake ba shi, kada a daina ba shi don an ga jikinsa ya yi sanyi." Ba ta tashi daga benci sai ta maimaita mini da bakinta, da Hausa ko da Fulatanci.