Jarumi ya hau mota, sai kuma me?

Akwai wata fitowa da ta zama ruwan dare a finafinanmu da littattafanmu. Saurayi ya cusa kayansa a bakko, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ta ce Allah ya tsare hanya, ya hau mota. Sai a sako kiɗa mai ban tausayi, a nuna titi na daƙiƙa talatin, sai ga shi a Kano. Bayan fitowa biyu wani tsoho ya zaunar da shi, ya zayyane masa sirrin da ya fito nema tun daga tushe. Shi ke nan, wai ya gano gaskiya. Abin yana ci mini rai, domin an tsallake wurin da labarin yake. Mai kallo yana yarda cewa mutum ya canza ne idan ya ga abin da hanya ta karɓe masa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Gasar rubutun da aka yi a Zariya a 1933 ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu a kan hanya aka gina su. Na farkon neman ruwan magani ne ƙasa-ƙasa, na biyun kuwa yaro ne da aka raba da gida, uwarsa ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara. Adamu Halilu ya mayar da na biyun fim a 1976. Gadon yana nan, sakaci ne ya shigo.

Mu ɗauki misali mu yi aiki a kansa. Saurayi ne daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Yayansa ya tafi ci-rani shekara uku da suka wuce, tun yana aike har ya daina. Mahaifinsu ya kwanta ciwo, ana maganar gona, aka tashi ƙanin ya je ya nemo shi.

Kafin ka rubuta kalma ɗaya, ɗauki takarda ka rubuta layi biyu. Na farko: me yaron nan yake zaton zai samo? Na biyu: me zai samo a zahiri? In amsoshin sun zama ɗaya, labarinka saƙo ne kawai aka aiki yaro ya kai. A misalinmu, yana zaton zai je ya kunyata yayan da birni ya ruɗe. Abin da zai tarar shi ne yayan ya daina aike ne saboda duk abin da ya samu yana tafiya wajen biyan bashin da mahaifinsu ya ci ya jinginar da gonar, bashin da ba wanda ya sani a gida. Ka ga abin da ya gano ya shafi gidan da ya baro, ya shafi mahaifin da yake ganin ba ya kuskure. Tafiyar da ta yi kyau takan sa jarumi ya juyo ya kalli tsakar gidansu da wani ido daban.

Yanzu wurin da aka fi faɗuwa: yadda gaskiyar za ta iso masa. Kada ka ba mutum ɗaya ita duka ya faɗa. Gutsuttsura ta gida uku ko huɗu, ka rarraba a tashoshin hanya, kowane gutsure ya zo da farashinsa. A tashar mota wani ɗan kamasho ya ce masa ai yayan nan ba ya cin abincin rana, yaron ya ɗauka rowa ce. A kasuwar hatsi ta Dawanau, inda yayan ya yi dako, wani abokin aikinsa ya ce duk ranar biya akwai mutumin da yake zuwa ya tsaya masa a kai, yaron ya ɗauka caca ce. Sai a ɗakin da yayan yake kwana ya ga wani littafin makaranta mai layi-layi, an jera kwanan wata da adadin kuɗi, a saman shafin farko kuma sunan gonarsu. Ba wanda ya yi masa bayani. Shi ya haɗa, mai karatu ma ya haɗa tare da shi, wataƙila ma ya riga shi da shafi biyu. Wannan 'yar tazarar ita ke hana mutum ajiye littafi, domin yana jiran lokacin da yaron zai fahimci abin da shi ya riga ya hango.

Kuɗin guzuri kuwa ka riƙe lissafinsu kamar mai shago. Nawa ya fito da su, daga ina (akuyar Inna aka sayar, ko tiya goma ta riɗi?), nawa mota ta ci, nawa ya rage a kwana na uku. Ka je tasha ka tambayi kuɗin mota na ranar, kada ka ƙiyasta daga ɗaki. Ranar da kuɗin suka ƙare ita ce tsakiyar labarinka, domin a ranar ne dole ya ɗauki buhu a ka kamar yadda yayansa ya yi, ya ji nauyin a wuyansa. Jarumin da aljihunsa ba ya ƙarewa ba abin da zai tilasta masa ya koyi wani abu.

Sai matsalar waya. Duk mai karatu na yau zai tambaya: me ya hana a kira yayan? Ka amsa tun a shafukan farko. An sace wayar, ko yana ganin kira yana ƙin ɗauka saboda kunya, ko layin yana cikin waɗanda aka rufe a 2024 saboda ba a haɗa su da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN ba. Ta tsakiyar ta fi ƙarfi, don tana ɗauke da hali.

Harshe ma tafiya yake yi. Mutumin Haɗejiya da Bakano da Badamagaren da ya sauko kasuwar Maigatari ranar Alhamis ba bakinsu ɗaya ba, amma a yawancin rubuce-rubuce kowa Kananci yake yi. Ka bar kunnen yaron ya ji baƙunta. Ka lura da yadda ake kiransa: a gida Inna tana ce masa auta, a tasha ya zama “kai yaro”, a wurin dako ya zama “ɗan ƙauye”. Ranar da wani ya ce masa “Malam, sannu da aiki”, mai karatu zai ji an matsa gaba ba tare da ka ce komai ba.

Ga masu fim, wahalar ta fi yawa, saboda ba a ɗaukar fitowa bi da bi. Yau a ɗauki tafiyarsa da dawowarsa a ƙauye rana ɗaya don rage kuɗin mota da abinci, sai a ga yaron ya dawo bayan wata huɗu da riga fes, da aski irin na ranar da ya tafi. Maganin abin mai sauƙi ne: a sayi riga iri ɗaya guda uku, a bar ɗaya sabuwa, a wanke ta biyu sau da yawa a shanya a rana har ta koɗe, ta ukun a ɓarke mata kafaɗa inda buhu yake gogawa. Mai kula da ci gaban shiri ya ɗauki hoton jarumi a waya a ƙarshen kowace fitowa, har da silifas ɗinsa. Lokacin shekara ma haka. Ɗan ci-rani yana fita ne bayan kaka, in an gama girbi an kai amfani rumbu, ya dawo gab da saukar damina, wajen watan Mayu ko Yuni. In ka nuna shi yana barin gari gero yana kore shar a bayansa, duk manomin da ke kallo a gidan kallo na ƙauye ya san ƙarya ce, domin ba mai barin gona ana tsakar noma. A fitar tasa a ga karan dawa a tsaye da hazon hunturu da leɓe a fashe. A dawowar a ga hadari yana haɗuwa a gabas, mutane suna kai taki gona a amalanke.

Wata ƙaramar dabara da ake mantawa: in yana barin gida yana tafiya daga hagu zuwa dama a allo, a riƙe hakan har ya isa, in zai dawo a juya. Ido yana gane alkibla ko da mai kallo bai san ya gane ba. Hoton sama na jirgi marar matuƙi kuwa a rage shi. Yana da kyau, amma daga sama ba a ganin gajiya. Kamara a cikin mota, tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa mai riƙe da kaza, ta fi faɗin nisan hanya. A kiyayi sauti kuma: iskar hunturu tana cika makirufo da huci in ba a sa masa rigar gashi ba, injin markaɗe kuma yana tashi da hantsi, don haka tun lokacin da aka je gaida dagaci neman izini a roƙi mai injin ya ba da awa biyu, a biya shi.

Dawowar ita ce jarrabawar duka. Ka maimaita fitowar farko, wuri ɗaya, mutane ɗaya, kamara a inda take. Ga zauren, ga tabarmar, ga mahaifin a kishingiɗe. A farko yaron ya tsaya daga bakin ƙofa yana cika baki cewa zai taso ƙeyar yayansa. Yanzu ya shigo ya zauna kusa, ya gaishe shi, uban ya ce, “Ka same shi?” Ya ce, “Na same shi, Baba. Yana gaishe ka.” Littafin nan mai layi-layi yana cikin aljihun rigarsa, ana ganin gefensa, bai fito da shi ba. Uban ya dubi aljihun, ya kawar da kai. A bar kamara a kansu daƙiƙa biyar ko shida ba kiɗa, a bar kukan kaji da sautin turmi daga cikin gida, sannan a yanke.