Mako na bakwai: borrow da lend

Salamu alaikum, ƴan'uwa masu koyon Ingilishi. Wannan makon kalmomi biyu kacal na riƙe, borrow da lend, amma sun cinye mini kwana bakwai cur.

Ranar Litinin wani ɗan kasuwa daga kudancin Najeriya, wanda ba ya jin Hausa sosai, ya tsaya a shagonmu cikin babbar kasuwar Maradi. Cajin wayarsa ya ƙare, sai ya ce da ni "borrow me your charger". Na miƙa masa caja, na rubuta jimlar a littafina. Da dare malaminmu ya duba ya ce, lallai ana yawan jin haka a bakin mutanen Najeriya, amma mai jarrabawa ba zai karɓa ba. Daidai shi ne "lend me your charger".

Da na zauna na yi tunani, sai na ga daga Hausarmu ruɗanin yake fito mana. Muna cewa "ara mini keke", muna cewa "na ari keke", tushe ɗaya, ƙarshen kalma da "mini" ne ke nuna inda keken ya nufa. Ingilishi kuwa kowane hannu da kalmarsa. Mai karɓa shi ke yin borrow, kuma from ke biye da ita. Mai bayarwa shi ke yin lend, ita kuma abokiyar tafiyarta ita ce kalmar Ingilishi to. Waɗanda suka yi lakwal, wato makarantar boko, sun riga sun san wannan rabon a Faransanci, emprunter da prêter, don haka ku jingina sabon a jikin tsohon.

Abin da ya fi ba ni mamaki wani ne dabam. Mu muna raba aro da rance. Ka ari tabarma, ita ɗin za ka mayar. Ka ranci tiya biyu ta gero ko kuɗi jaka biyar, madadinsu za ka kawo, don geron an riga an daka an yi fura. Ingilishi bai damu da wannan ba ko kaɗan: tabarma borrow, gero borrow, kuɗi borrow. A nan, a ganina, Hausa ta fi shi tantancewa, kuma na ji daɗin gano hakan.

A kula da shuɗaɗɗen lokaci. Borrow tana zama borrowed, amma lend tana zama lent, ba a ƙara mata ed.

Yadda nake gwaji yanzu: duk abin da ya fita ko ya shigo shago da sunan aro, ina rubuta shi sau biyu, ta bakina da ta bakin ɗayan. Jiya maƙwabcina ya karɓi sikeli, na rubuta "I lent him the scale", a ƙasa kuma "he borrowed the scale from me". Na tara jimla 24, malam ya gyara mini uku, dukansu wajen from da to ne. Su zan sake rubutawa kafin darasin Asabar.