Ranar da lagireto ya tsayar da ni a hanyar Dutse

Corolla ce 'yar 2005, 'yar Kwatano, na saye ta bayan shekaru ina tari. A satin farko na kai ta gareji a duba min ita. Bakaniken ya kwance tiyon ƙasa, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin wanda bai cika tafin hannu ba, ya ce sunansa tamostat, kayan ƙasar sanyi ne, ba ya mana amfani a nan. Ya kuma haɗa fanka kai tsaye, da an murza makulli sai ta kama juyawa. Ban yi musu ba, don haka na ga ana yi wa motocin abokaina. Daga nan duk ranar da ruwa ya ragu, abin da ke kusa nake zubawa: yau ruwan leda, gobe na rijiyar burtsatse.

Shekara biyu muka yi a haka. Wani watan Afrilu, rana tsaka, na ɗauko iyali daga Kano za mu Azare. Mun wuce Wudil, muna dab da Shuwarin, sai na ji sanyin esi ya fara mutuwa. Ina duba allurar zafi na ga ta bar tsakiya tana hawa wajen ja. Na kashe esi, na sauke gilasai, na kunna hita har ƙarshe kamar yadda na taɓa ji, domin hita daga ruwan injin take ɗebo zafinta, tana rage masa kaya. Yara suka fara kuka saboda turiri. Allurar ta ɗan sauko har na samu inuwa na gangara gefe.

Na buɗe bonet, na naɗe hannu da tsumma zan murɗa murfin lagireto, sai wani dattijo direban haya da ya tsaya salla ya daka min tsawa.

"Ɗana, kada ka taɓa! Ruwan nan ya fi tafasasshe zafi."

Ya ɗaga hannun rigarsa ya nuna min tabon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Muka zauna ƙarƙashin darbejiya fiye da rabin sa'a, sai da tiyon sama ya yi laushi ya huce, sannan ya buɗe da kansa. Ruwan da ke ciki ja ne jawur kamar kunun kanwa, robar murfin kuma ta tsattsage.

A Dutse wani tsohon mai gyaran lagireto ya kwance shi. Ya sa tiyon ruwa ta sama, sai ga shi yana fita ta ƙasa da ƙyar, laka da tsatsa na biye. Na ce, "Baba, ai ban taɓa barin ta ba ruwa ba." Ya ce, "Alhaji, ruwan ne ya ci ta." Ruwan rijiya yana da gishiri da ƙasa, idan ya sha zafi sai ya bar ɓawo a cikin siraran bututan, irin wanda ake gani a gindin butar shayi. Shi kuwa kulan, ruwan nan mai launi, yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa.

Maganar murfin ce ta fi tsaya min a rai. Ruwa a tukunya yana tafasa ne a digiri 100, amma murfin lagireto yana matse shi, har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da robar ta mutu, matsin ya tafi, ruwan yana tsiyaya a hankali ta hanyar tururi, ni kuwa ina ta ƙari ban taɓa tambayar ina yake zuwa ba. Abu mafi araha a duk injin, shi ya kusa ƙona min gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa.

Da na dawo Kano na shiga Kofar Ruwa na sayo sabon lagireto, da murfi, da tamostat mai buɗewa a digiri 82. Bakanikena ya yi ta ƙorafi, na ce a mayar. Aikin ɗan ƙarfen nan shi ne ya tsare ruwa har injin ya ɗauki ɗumin da aka ƙera shi a kai. Idan babu shi, musamman da safiyar hunturu, kwamfutar mota tana ganin injin a sanyaye, sai ta yi ta ƙara masa fetur. An mayar da fanka kan na'urarta, kuma na lura shan mai ya ragu. Ragowar kulan ɗin da na zuba mata, a saman kwaba nake ajiye shi, saboda guba ne mai zaƙi, yaro ko akuya na iya lasa.

Esin ma na sha wahalarsa. Sau uku ina biyan kuɗin gas a bazara ɗaya, kafin wani matashi ya gaya min gaskiya: gas ɗin R134a ba ya ƙarewa kamar fetur, in ya ragu to akwai inda yake yoyo. Ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a mahaɗar bututai, muka tsuguna muna kallo, sai ga kumfa na tasowa a bakin kwamfuresa, na'urar da ke tura gas ɗin. Wata 'yar zoben roba ce ta bushe. Ya canza ta, ya zuƙe iskar ciki da injinsa kafin ya zuba gas. Ya wanke kondensa, mai huce gas ɗin esi, wadda ƙurar hunturu da fukafukan ƙwari suka toshe a gaban lagireto, ya kuma ciro filtar da ke bayan ɗan akwatin gaban fasinja, wadda ban ma san da ita ba. Da ya buga ta a ƙasa, ƙura ta tashi kamar an kaɗe buhun siminti.

Yanzu duk safiyar Asabar, kafin in tayar da ita, nakan duba robar ajiyar kulan in ga ko yana tsakanin layuka biyun, in matsa tiyo da yatsa, in leƙa ƙarƙashin mota ko akwai ɗigo. Wannan bazarar mun je Azare sau biyu da esi a kunne, allurar tana tsakiya har muka shiga gari.