Bencin 'yan mata bayan ambaliya

Na daɗe ina koyarwa a firamaren wani ƙauye a ƙasar Haɗeja, amma ban taɓa ganin damina irin ta 2022 ba. Kogin Haɗeja, mai kwaso ruwa tun daga madatsun ruwan Tiga da Challawa, ya tarar ciyawar kachala ta toshe masa hanya, sai ya fantsama cikin gonaki. Shinkafa da gero suka nutse, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa cikin dare. Mutum sama da 600 suka rasu a faɗin Najeriya. Makarantarmu a kan tudu take, don haka ta zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. A ajina aka riƙa girki, baƙin hayaƙin yana nan a bango har yau.

Da ruwa ya janye muka koma aiki, yara maza suka dawo kusan dukansu. Bencin 'yan mata kuwa wayam.

Na shiga gida-gida ina wa iyaye wa'azin muhimmancin ilimin 'ya mace. A nan na fara kuskure. Wata dattijuwa tana tankaɗe, ta bari na kai aya, sannan ta ɗago ta ce, "Malama, rumbu ko zangarniya babu. In yarinyar nan ba ta kai awara tasha ba, me za mu ci? Itacen ma sai ta yini a daji kafin ta haɗa kai guda." Na ce, "Gaskiya ne, Inna," na tashi jikina a sanyaye. Kafin azumi an aurar da biyu daga cikin ɗalibaina, kuma na san iyayensu ba ƙin boko suke ba. Bakin ci suke ragewa.

Sai na fahimci cewa lokacin yarinya ne ambaliya da fari suke fara cinyewa. In rijiya ta ƙafe, ita ce a layin famfo. In daji ya ja baya, ita ce ke binsa.

Na bar wa'azi, na nemi abin da zai dawo mata da safiyarta. Da wata mai ginin tukwane muka koya wa mata gina murhun laka mai rufaffen gefe, wanda ba ya cin itace kamar duwatsu uku. Na buɗe ajin iyaye mata bayan la'asar a zauren mai unguwa. Da farko na zo da littafin 'yan aji ɗaya, suka gundura. Da na kawo buhun iri da kwalbar maganin feshi da saƙon waya, zauren ya cika, domin abin da suke son karantawa ke nan. Uwar da ta iya rubuta sunanta, na lura, ita ce ke fara turo 'yarta da safe.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina ake fargabar tsayawarsa a tsakiya. Na mayar da shi darasin karatu. Wata 'yar aji biyar ta kwafa a littafinta, ta karanta wa mahaifinta, ya haƙura da shukar ruwan farko, ya kuma nemi waken da ke saurin nuna. Da muka haɗu a kasuwa ya ce, "Malama, ashe 'yar taki ta fara yi mana noma da biro."

Ba duka suka dawo ba, kuma wannan yana ci mini rai. Amma bara ɗaya daga cikin waɗanda aka aurar ta shigo ajin la'asar da goyo a bayanta. Ta zauna a ƙarshen tabarma, ta ciro katin rigakafin jaririyarta, ta ce in tsaya kusa, ita za ta karanta ranar komawa asibiti da kanta.