Rahoton da na sa wa hannu

A ƙarshen zangon nan na miƙa makullin ofis da fayilolin ɗaliban gaba da digiri ga wanda zai gaje ni, bayan shekara tara ina riƙe da aikin. Ya ce in rubuta masa abin da ya kamata ya sani, musamman idan wata jami'a ta gayyace shi ya duba mata shirin digirin digirgir kafin tawagar NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta iso. Na zauna zan jero masa ƙa'idoji, sai na ga duk inda na fara, alƙalamin yana komawa kan ziyara guda da muka kai wani sashen fiziks a shekarata ta biyu. To bari in faɗe ta yadda ta faru.

Mu uku aka gayyata, kwana biyu za mu yi. Shugabanmu dattijon farfesa ne, ni ne ƙarami, don haka fom da biro suna hannuna. Duk wanda ya taɓa yin aikin ya san fom ɗin: farfesa nawa, dakta nawa, maƙala nawa a shekara biyar, littattafai nawa a laburare, wace na'ura ce akwai. Sashen ya cika kowane gurbi. An tare mu da mutunci, an jera mana takardu a kan dogon tebur, kowane fayil da lambarsa.

Bayan azahar aka kai mu ɗakin gwaje-gwaje. Abin da suke taƙama da shi na'urar auna hasken gama ce mai ƙwayar jamaniyam, tana zaune cikin gidanta na dalma, an goge ta tana sheƙi. Wanda ya yi aiki da irinta ya san ba ta auna komai sai an sanyaya ta da ruwan naitrojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kuma tulun da ke ƙarƙashinta duk mako ɗaya ko biyu sai an sake cika shi. Na buɗe littafin da ake rubuta amfani da na'urar. Sabo ne fil, shafukan farko duk rubutun mutum ɗaya ne da biro ɗaya. Sai idona ya kai kan wata kanta a bayan ƙofa, cike da ƙananan robobi da aka liƙe bakinsu da salatif, kowace an rubuta mata kwanan wata da maka. Samfuran ƙasa ne. Ana rufe su kamar mako huɗu don iskar radon da ke fita daga cikinsu ta daidaita, sannan a auna. Wasu daga cikin robobin nan sun shekara uku a wurin, ƙura ta rufe murafunsu. Na gani, na kuma fahimci abin da na gani. Ba zan ce an yaudare ni ba.

Ganawa da ɗalibai an yi ta ne shugaban sashe yana zaune a gefe. Kowa ya ce lafiya lau, malamai suna ƙoƙari. Da muka fito, wani matashi ya biyo ni har bakin matakala kamar zai karɓar mini jaka, ya rage murya ya ce, “Malam, don Allah ku tambaye su ranar da aka kunna ta ta ƙarshe.” Bai jira amsa ba ya juya.

Da dare a masauki na kawo maganar. Na ce ina ganin bai dace mu ba da cikakken maki a kan kayan aiki ba, kuma ya kamata mu sake ganin ɗaliban su kaɗai. Farfesa ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Dakta, so kake a rufe musu shirin? Yaran da ke ciki ina za su? Fom cewa ya yi akwai ko babu, kuma idonka ya ga akwai.” Na ce, “Ranka ya daɗe, akwai, amma ba ta aiki.” Ya ce mutane sun karrama mu, ba tonon asiri ya kawo mu ba, kuma idan na daɗe a aikin zan gane. A lokacin ina shirin tura takarduna na ƙarin girma, kuma masu duba irin waɗannan takardu a fanninmu ba su da yawa, shi yana cikinsu. Na ɗauki biro na sa hannu.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na manta. Bayan kamar shekara guda wata ɗalibata, wadda na duba wa aikin digiri na biyu kuma aka ɗauke ta ƙaramar malama a sashenmu, ta samu tallafin karatu. Burinta ta auna ƙasar tsofaffin ramukan haƙar kuza na tsaunin Jos, inda tarkacen da aka bari ke ɗauke da sinadarin toriyam fiye da ƙasar wasu wurare, ga mutane suna noma suna gini a kai. Aiki ne mai amfani. Ta shigo ofis ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, “Malam, an ce kai ka je ka duba wurin. In je?” Gaskiya tana bakina. Amma faɗarta na nufin in ce mata hannun da na sa a rahoto ƙarya na sa wa. Sai na ce ba laifi, suna da na'urar.

Shekara shida ta yi a can. Malamin da aka ba ta yana da ɗalibai fiye da goma, daga baya kuma ya samu muƙami ya koma wani gari, sai ta yi wata uku ba ta ga ƙeyarsa ba. Yajin aikin 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, waɗannan kam ba laifin sashen ba ne. Amma na'urar ba ta tashi ba ko sau ɗaya. Ta nemi ta kai samfuranta wata cibiya da kuɗin aljihunta, aka ce sai da sa hannun malaminta. Hutun karatunta ya ƙare, ta dawo bakin aiki babu digiri, ƙannenta a aiki suka wuce ta. Har yau ba ta taɓa ce mini uffan a kan maganar ba. Kullum da safe sai ta leƙo ta ce, “Ina kwana, Malam,” kuma wannan gaisuwar ta fi mini zafi a kan da ta zage ni.

Farfesan nan kuwa, na ji shi da kunnena a wani taro yana cewa matsalar tantancewa a ƙasar nan ita ce matasan malamai da ba su iya duba ɗakin gwaji ba. Ina zaune a layi na uku. Ban ce komai ba, amma ban manta ba.

Tun daga nan na koma ina karanta yadda wasu ƙasashe ke wannan awo, na ga su ma sun sha wuya da shi. A Amurka, majalisar binciken ƙasar ta fitar da rahoto a 1995 wanda ya dogara sosai a kan ra'ayin malamai game da sassan juna, wato suna ake aunawa. Da suka sake a 2010, sun duba shirye-shirye sama da 5,000 a fanni 62 na jami'o'i 212, suka shigar da abubuwan da fom ɗinmu bai tambaya ba: shekara nawa ɗalibi ke yi kafin ya gama, kashi nawa ne ke gamawa, nawa ne ke samun cikakken tallafi tun shekarar farko. Kuma sun ƙi cewa wannan ne na ɗaya wancan na biyu, sai dai su ce sashe kaza yana tsakanin matsayi kaza da kaza. An soki rahoton, har da cewa alƙalumansa na zangon 2005 zuwa 2006 ne, sun tsufa kafin a buga. Duk da haka abu biyu na ɗauka a wurinsu: sun ƙirga abin da ke samun ɗalibi, kuma sun yarda ma'auninsu yana da iyaka. Mu masu fiziks da muke rage wa ɗan aji ɗaya maki idan ya rubuta awo bai nuna iyakar kuskurensa ba, mu ne muke ba sashe guda maki saba'in da wani abu kamar da sikeli muka auna.

Ƙirga maƙalu ma ya daina burge ni. A 2015 mujallar Physical Review Letters ta buga maƙala kan nauyin ƙwayar Higgs mai ɗauke da sunayen mutum 5,154, daga manyan tawagogi biyu na CERN, cibiyar binciken fiziks ta Turai. A gefe guda kuma akwai mai aikin lissafi zalla da zai shekara biyu a kan maƙala ɗaya, sunansa shi kaɗai. A fom, ɗaya da ɗaya ne. Ma'aunin da Jorge Hirsch ya kawo a 2005, shi ma masanin fiziks ne, yana haɗa yawan maƙalu da yawan ambatonsu, amma ba zai gaya maka ko malamin yana karanta babin ɗalibinsa ba. Balle mujallun nan da za ka tura aiki ranar Litinin, ka biya dala, ranar Juma'a ya fito. Cikin fayilolin da aka jera mana a dogon teburin nan akwai su da yawa, kuma ni na ƙirga su. Yanzu maƙala uku nake cewa a ba ni, waɗanda ɗalibi ne marubucinsu na farko, in zauna in karanta, sannan in kira shi ya bayyana mini jadawali guda a ciki.

Rashin na'ura kansa ba abin kunya ba ne, ɓoye shi ne abin kunya. Ba kowane sashe zai mallaki abin da cibiyar binciken makamashi ta CERT a Zariya ke da shi ba, inda injin nukiliyar bincike na ƙasar nan yake aiki tun 2004. Abdus Salam, masanin fiziks ɗan Pakistan, ya kafa cibiyar nazarin fiziks ta Trieste a Italiya a 1964 ne saboda ya san masanin fiziks a ƙasa matalauciya kaɗaici da rashin kayan aiki ke kashe shi. Na ga sashen da ba shi da komai sai kwamfutoci da janareta mai aiki, amma yana da rubutacciyar yarjejeniya da inda ɗalibansa za su kai samfuri, da kuɗin mota a kasafi, kuma duk Laraba ana zaman gabatar da aiki ba fashi. Ɗalibansu suna gamawa cikin shekara huɗu zuwa biyar. Da zan sake ba ɗalibata shawara, can zan tura ta.

Sauran abin da zan gaya wa magajina gajere ne. Ka nemi jerin duk waɗanda aka ɗauka shekara bakwai baya, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka ɓace, domin jerin waɗanda suka gama kawai za a miƙo maka. Ka ga ɗalibai a rufe, babu malami ko ɗaya, kuma kada ka rubuta sunan wanda ya yi magana. Ka ce a kunna na'ura a gabanka. Ka tambayi rasiɗin naitrojin. Ka duba ko mai jarrabawa daga waje mutum ɗaya ne ake ta kira shekara da shekaru. Ambulan da za a miƙo a bakin mota, ka san abin da za ka yi da ita tun kafin ka bar gida.

Sau ɗaya bayan haka aka sake haɗa ni tafiya da farfesan. A wannan karon na ƙi sa hannu, na rubuta nawa rahoton daban, shafi huɗu, na maƙala a baya. Bai sake neman a sa ni a tawagarsa ba, kuma ƙarin girmana ya yi jinkiri, ko da dalili ko babu, Allah ne masani. An gaya mini jami'ar da muka je a wannan karon ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a wannan ɓangaren har sai da ta gyara ɗakin gwajin.

Ɗalibata ta dawo da robobinta cikin kwali biyu, suna ƙarƙashin teburin ofishin da na bari. Bara na kira ta na faɗa mata abin da na gani a ziyarar nan da abin da na ɓoye mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, “Allah ya riga ya rubuta, Malam.” Ta sake yin rajista a wani wuri, kuma wannan karon ni da ita muka je, na tsaya har aka ɗora samfuri a kan na'ura muka ga layukan sun fito a allon kwamfuta. Na roƙi magajina kada ya bari masu shara su fitar da kwalayen, wata mai zuwa za ta zo ta ɗauka.