Tukwici ba kuɗin kaya ba ne

A shekarata ta biyu a makarantar tauhidi a nan Jos aka tura ni aikin gwaji wata ikilisiya ta sashen Hausa a wajen Tudun Wada. Baba Fasto ya ɗora mini ajin baftisma, kowace Asabar da ƙarfe huɗu. 'Yan ajin ba su da yawa: 'yan sakandare ne galibi, sai wani matashi direban keke, sai wata dattijuwa mai sayar da kayan miya a Farin Gada. Ta fi shekara talatin tana zuwa sujada, tana sa kayan Zumuntar Mata, amma wata matsalar aure ta hana a yi mata baftisma sai bayan rasuwar maigidanta. Mama muke ce mata.

Ranar farko na tambaye su: in Ubangiji ya kira mutum daren nan, ya tabbata yana da rai madawwami? Ɗaya ya ce, “Sai Allah.” Ɗaya ya ce, “Muna dai ƙoƙari.” Mama ta gyara ɗaurin kallabinta ta ce, “Malam, wa ya isa ya ce ya sani? Ai wannan cika baki ne.”

Na buɗe musu 1 Yohanna 5:13, inda manzo ya ce ya rubuta wasiƙar ne domin masu ba da gaskiya ga sunan Ɗan Allah su san suna da rai madawwami. Na nanata kalmar “su san”. Na bi da Afisawa 2:8-9, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, baiwar Allah ce, ba ladan aiki ba, don kada kowa ya yi fahariya. Suka rubuta. Amma da na kama hanyar gida cikin sanyin yamma, zuciyata ta faɗa mini gaskiya: da ni aka yi wa tambayar a ɓoye, amsar Mama zan bayar.

Ina da littafin lissafi a kaina tun ina sakandare. Makon da na tashi addu'ar asuba kullum, na fitar da zakka, na yi azumin Laraba, sai in durƙusa gaban Allah da ƙarfin gwiwa. Makon da na daka wa matata tsawa ko na sharara ƙarya don in fita kunya, sai in dinga raɓe-raɓe, ranar Jibin Ubangiji in sami dalilin zama a baya. Sau huɗu ina fita gaba a taron farkawa don ba da raina, domin kowane karo ina shakkar ko na bayan ya karɓu. Kuma a wannan zangon karatu ne na rubuta jarrabawa a kan Martin Luta, limamin Jamus da ya ƙuntata wa kansa da azumi da furta zunubi bai sami salama ba, sai da Romawa 1:17 ta buɗe masa ido cewa adalcin da Allah ke nema shi ne kuma yake bayarwa ta wurin bangaskiya. Na san 1517, shekarar da ya fito fili ya ƙalubalanci ikilisiyar zamaninsa, na san Witinbag, garin da ya yi hakan. Na ci jarrabawar da kyau, nauyin kuwa yana nan a ƙirjina.

Daga baya na gane cewa wani ɓangare na matsalar yana cikin yadda kunnenmu ke jin kalmar. Tun da aka kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, “alheri” muke karantawa, kuma kalma ce mai daɗi. Sai dai a zamanmu na yau da kullum alheri yana tafiya ne ya dawo. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ranar biki ana zaunar da yarinya da littafi tana rubuta gudummawar kowa, domin biki bashi ne, ranar naki za a duba. Tsakanin mutum da mutum wannan abu ne mai kyau, shi ke riƙe zumunci. Amma mun ɗauke shi mun kai gaban Allah, muna jin kamar ya rubuta sunanmu yana jiran ramuwa, mu kuma mun san hannunmu bai kai ba.

Mama ce ta warware mini, ba da niyya ba. A mako na uku ina cewa ceto kyauta ne, ta ɗaga hannu. “To Malam, yaba kyauta fa tukwici. Ni me zan mayar?” Na rasa ta cewa. Sai ta ci gaba kamar mai magana da kanta. Ta ce a da, kafin a rarraba unguwannin Jos, ranar Kirsimeti takan zuba shinkafa da nama a kwanon samira ta aika jikanta gidan maƙwabta, ran Sallah su ma su aiko. In yaro ya kawo kwano, sai a danƙa masa 'yan kuɗi. “Amma ai tukwici ba ya sayen shinkafa,” in ji ta. “Kwanon ya riga ya shigo gida. Kuma ba mai aikowa ake bai wa ba, ɗan aike ake bai wa.”

Daren nan na sake karanta Afisawa 2, ban tsaya a aya ta 9 ba kamar yadda muka saba. Aya ta 10 ta ce mu aikin hannun Allah ne, an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin ayyuka nagari da ya riga ya shirya. Ashe jerin ne na juya shekara da shekaru: kyauta ce a gaba, aiki yana biye. A ajin Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, an koya mana cewa kalmar “an cece ku” a aya ta 8 tana nuna abin da aka gama, sakamakonsa kuma yana nan tsaye. Na haddace wannan don jarrabawa, sai a daren na ji shi a jikina. Yohanna 10:28-29 ta ce ba mai ƙwace tumakin daga hannun Yesu, ba kuma mai ƙwace su daga hannun Uba. Duk maganar a kan ƙarfin hannunsa take. Wanda ya ce “na tabbata” yana dogara da wannan hannu, bai cika baki ba, domin ba kansa yake yabo ba.

Wani dattijon ikilisiya da ya ji abin da nake koyarwa ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, kana sake wa yaran nan linzami.” Ban raina maganarsa ba, har yau ma ba na rainawa. Bulus kansa ya yi tambayar a Romawa 6, ko mu ci gaba da zunubi don alheri ya yawaita, ya amsa da a'a mai ƙarfi. Akwai masu fakewa da alheri su yi ta'asa, kuma ɗarikunmu ba su zama baki ɗaya a kan batun mai bi da ya juya baya ba. Amma abin da na gani da idona shi ne tsoro ɓoyo yake koya wa mutum. Bayan mun yi darasin ɗan da ya ɓata a Luka 15, direban keken nan ya tsaya har kowa ya watse, ya ce wata bakwai ke nan yana rage kuɗin da yake kai wa mai keken, yana cewa ba ciniki. Shekaru yana jin wa'azin wuta bai furta ba. Da ya ji uban ya sheƙo da gudu tun ɗan yana nesa, bai ce komai ba, sai bakinsa ya buɗe. Muka tafi tare wurin mai keken, aka tsara yadda zai biya kaɗan-kaɗan. Titus 2:11-12 ta ce alherin da ya kawo ceto shi ne yake horar da mu mu ƙi rashin tsoron Allah, kuma na ga hakan a tsakar gidan mutumin nan.

Ta Mama ta fi nauyi. Sai a makon ƙarshe ta gaya mini ainihin abin da ya sa take shakka. An kashe ɗanta a rikicin Nuwamba 2008. Tun daga ranar, in ana Addu'ar Ubangiji aka zo wurin gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi, sai ta kulle bakinta. “Ka gani, Malam? Mai irin wannan zuciya ta sami ceto?” Ban yi mata wa'azi ba. Na ce, “Mama, wa ya sa abin yake damunki har yau?” Muka karanta Filibiyawa 1:6, cewa wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinmu zai kai shi ga kammala, da 2:13, cewa Allah ne ke aiki a cikinmu har mu yi nufi mu kuma aikata. Ta ce in sake karantawa. Na sake.

An yi mata baftisma a farkon Disamba, ruwan kamar ƙanƙara, matan Zumunta suna tsaye da zane suna waƙa. Ni kuwa tun lokacin ban sake fita gaba don sabon ceto ba. In na faɗi, nakan je in furta a ranar, ga Allah da kuma wanda na ɓata wa. Matata ce ta fara lura da hakan kafin ni.

Lahadin da ta biyo bayan Kirsimeti Mama ta tare ni a ƙofar majami'a, ta kwance bakin zaninta ta nuna mini naira 200 a nannaɗe. Ta ce ta zuba shinkafa a samira ta aika jikanta wurin wata Hajiya da suke kasuwa tare a Farin Gada, karo na farko tun 2008, yaron ya dawo da wannan.

“Har yanzu ƙirjina yana zafi, Malam,” in ji ta. “Amma na aika.”