Launin da ke ɓoye a sunayen cututtuka, da inda yake ruɗa ɗalibi

Dogayen kalmomin da ke cika takardar awon jini da littattafan makarantar jinya yawancinsu guntaye biyu ne ko uku aka ɗinke, kuma da dama daga cikinsu da sunan launi suke farawa. Daga Girkanci aka samo leuko na fari, erythro na ja, melano na baƙi, cyano na shuɗi, chloro na kore, xantho na rawaya da polio na ruwan toka. Latin kuma ya ba da alb na fari, rub na ja, nigr na baƙi. Daga wutsiya ake fara karanta kalmar. Idan ta ƙare da cyte, ƙwayar halitta ake nufi; emia na nufin cikin jini, penia ƙaranci, osis yanayi ko yawaita, oma kuma ƙari. Ɗalibin Kano da na Yamai duk tushen ɗaya suke haddacewa, bambancin Ingilishi da Faransanci a rubutu ne kawai.

Abin da malamai ba su cika nanatawa ba shi ne, launin da ke cikin suna abin da likitan farko ya gani da idonsa ne, sau da yawa a jikin gawa ko a fatar Bature. Bai faɗa maka sanadin cutar ba, kuma ba lallai ka gan shi a jikin majinyacin da ke gabanka ba.

Mu fara da fari. A 1847 Rudolf Virchow, likitan Jamus, ya laƙaba wa wata cuta sunan lukemiya, wato farin jini, saboda jinin majinyacin ya cika da fararen ƙwayoyi har ya koɗe. A jikin babba mai lafiya ana samun fararen ƙwayoyi 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita. Sun haura haka, lukosaitosis ke nan, kuma galibi ƙwayar cuta ce jiki ke yaƙa, kamar a ciwon haƙarƙari ko maruru. Sun gaza, lukopeniya. Lukemiya kuwa sankara ce ta ɓargo, kuma ana iya samun mai ita da adadin da bai haura ba ko ma ya yi ƙasa, don haka sai an duba jinin a madubin likita, wani lokaci har da ɓargon. Sannan mutanen Afirka da yawa adadin nutrofil ɗinsu, wani nau'in fararen ƙwayoyi, a ƙasa yake tun haihuwa, lafiyarsu ƙalau, bai kamata a ɗaga musu hankali da ma'aunin da aka gina kan Turawa ba.

Ja bai da wahala. Eritrosait ita ce jar ƙwayar jini, tana rayuwa kamar kwana 120, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20. Ƙoda ce ke samar da eritropoyetin, sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, shi ya sa mai ciwon ƙoda ba ya rabuwa da ƙarancin jini. Eritima kuma jan fata ne na kumburi, amma a baƙar fata wurin duhu yake ƙarawa ya yi sheƙi. A nan bayan hannu ya fi ido aiki: a taɓa wurin, a taɓa ɗaya gefen, a kwatanta zafinsu.

A shuɗi ake yin kuskuren da ke kai mutum kushewa. Sayanosis shi ne shuɗin da jiki ke yi idan iskar oksijin ta yi ƙaranci, amma ba ya bayyana sai himogulobin (sinadarin jar ƙwaya mai ɗaukar oksijin) da ya rasa oksijin ya kai kimanin giram 5 a desilita ɗaya ta jini. To yi lissafi da kanka. Mai giram 15 zai yi shuɗi idan kashi ɗaya cikin uku na jininsa ya rasa iska. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini har ya koma giram 5 ko 6, sai kusan duk jininsa ya rasa iska kafin ya canza launi, kuma ba zai kai lokacin ba. Wanda ya zauna jiran shuɗi a ɗakin yara ya makara. A ƙirga numfashi na cikakken minti ɗaya, a duba ko ƙasan ƙirji na lotsawa, a saurari nishi. In za a nemi launin, a harshe da cikin leɓe da dasashi ake nemansa, a hasken rana, kuma a baƙar fata ya fi kama da toka-toka. Harshe ya canza, matsalar daga huhu ko zuciya take. Yatsu kaɗai suka canza harshe na nan ja, sanyi ne ko jini ba ya isa can sosai. Ita ma na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba a sakankance da ita ɗari bisa ɗari: binciken Jami'ar Michigan da aka wallafa a Disambar 2020 ya gano ta ɓoye ƙarancin oksijin a kashi 11.7 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata da ta nuna kamar iskar ta wadata, na farare kuwa 3.6.

Wasu sunayen ma tarko ne kawai. Sayanokobalamin, wato bitamin B12, jawur yake a kwalba. Ya ci sunan ne daga guntun sayanayid da ke jikinsa. Kulorokwin ba koren magani ba ne, sinadarin kulorin da ke cikinsa ne Humphry Davy ya sa wa suna a 1810 saboda launin iskarsa.

Shawara kuma bilirubin ke kawo ta. Sunan na nufin jan ruwan matsarmama, alhali rawaya yake rina jiki. Yana fitowa daga tsofaffin jajayen ƙwayoyin da aka farfasa, hanta ta sarrafa shi ta zubar ta hanji. A lafiya bai wuce miligiram 1.2 a desilita ba, ido kuma ba ya nunawa sai ya kai 2.5 zuwa 3. Hanyoyi uku ne: jini na fashewa fiye da kima, hanta ta gaza, ko bututun matsarmama ya toshe. Na ukun yana zuwa da fitsari mai duhu, bayan gida fari-fari da ƙaiƙayi. A ɗaga fatar ido ta sama, majinyaci ya kalli ƙasa, domin ɓangaren ido da ke a buɗe kullum yakan yi dauɗar ƙura da rana a ƙasarmu ba tare da wata cuta ba. Tafin hannu ya yi rawaya ido na nan fari, a tambayi abinci: manja, karas da mangwaro suna yin haka, kuma ba cuta ba ce. Ga jariri kuwa, shawarar da ta fito cikin awa 24 na farko ta asibiti ce nan take. A danna goshi ko hanci da yatsa a ga launin da ya rage, a leƙa dasashi. A kuma raba kayan jariri da kafur, domin yana fasa jinin yaran da ke da ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyi, kuma suna da yawa a Najeriya.

Sirosis ma sunan launi ne. René Laennec ya ɗauko shi a 1819 daga kirrhos, ruwan ɗorawa mai duhu, launin hantar da ya gani a gawa. Ainihin cutar tabo ne da ke ƙanƙance hanta, a wajenmu galibi daga ciwon hanta nau'in B.

Melina baƙin bayan gida ne mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, alamar jini na zuba daga tumbi ko farkon hanji, yawanci daga gyambon ciki. Mililita 50 zuwa 100 na jini ya isa ya baƙanta shi. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana baƙanta bayan gida, sai dai babu danƙon babu warin. Melanoma kuma, sankarar ƙwayoyin da ke ba fata launi, a baƙar fata tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ta fi fitowa, inda ake ɗauka taku ne ko tsohon miki har ta yaɗu.

Shan inna ya sami sunan poliyomayelaitis ne daga ɓangaren laka mai ruwan toka, inda ƙwayoyin da ke motsa tsoka suke. Shi ya sa ƙafa ke shanyewa amma yaro na jin taɓi. Gulakoma daga glaukos take, launin tsanwa mai toka-toka da likitocin Girka suka gani a idon makafi. Nau'in da ya fi addabar Afirka ta Yamma ba ya canza launin ido, ba ya zafi, gani ne ke raguwa daga gefe a hankali. Sai an auna matsin ido, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin mmHg, an kuma leƙa jijiyar gani. Duk wanda ya haura shekara 40, musamman mai ɗan'uwa na jini da ke da ita, ya je a auna shi ko da yana gani tangararan.